Keken ɗinkin da kakana ya ƙetaro da shi daga Sudan ya ƙi juyawa: in yi masa fenti ko in bar shi?

Jikar Tela, Makka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin kekunan ɗinki, domin wani keke ya zo hannuna bayan rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kuma ina tsoron in lalata shi garin gyara. Asalinsa na kakana ne, wanda ya baro ƙasar Hausa ta ƙasa da niyyar sauke farali, ya yi shekaru a Wad Madani yana aikin auduga a gonakin Jazira har ya tara guzuri. A can ya koyi ɗinki, ya sayi keken a hannun wani tela, ya ƙetaro da shi ta Sawakin zuwa Jidda, kuma da shi ya ciyar da iyalinsa a nan Makka har ƙarfinsa ya ƙare.

Keken Singer ne baƙi, mai feda, jikinsa da zanen ruwan gwal na wata halitta mai jikin zaki da kan mutum da fukafukai. Lambar da ke jikin farantinsa ta fara da harafin Y, abin ɗaure zaren yana can gefen hagu a fuskar keken, kuma ba ya ɗinkin baya. Ya fi shekara ashirin a rufe, yanzu wilin ko motsi ba ya yi. Na riga na yi kuskure ɗaya: na ɗiga sinadarin tsabtace hannu a auduga na goge wani lungu, nan take wurin ya dushe ya yi fari. Da na nuna wa wani mai gyara hotonsa, sai ya ce in kawo a kankare shi a fesa sabon fenti, ko kuwa in ba shi in cika kuɗi ya ba ni sabo. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Shekarunsa nawa, ta yaya zan sa ya juya, kuma fentin ya dace?

Tsohon Mai Gyaran Keke, Jidda

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan magabatanmu. Kafin komai, kada ki yarda da musanyar nan, kuma ki ɗauke sinadarin nan daga kusa da keken.

Bisa yadda kika siffanta shi, kekenki samfurin 15K ne. Harafin K yana nufin Kilbowie, wato babbar masana'antar Singer da ke Clydebank kusa da Glasgow a ƙasar Sikotlan, wadda ta yi kusan shekara ɗari tana aiki kafin a rufe ta a 1980. Lambobin da suka fara da Y na wannan masana'antar ne, an kuma ba da su daga farkon shekarun 1920 zuwa 1935, sannan aka koma masu farawa da EA, EB da sauransu. Idan kika duba jadawalin lambobin Singer a intanet za ki sami shekarar da aka ware lambar kekenki. Wannan ya dace da labarin kakanki, tun da a wancan zamani Sudan tana hannun Turawan Ingila, kayan masana'antunsu kuwa su ne a kasuwa. Halittar da kika gani a zanen ita ce wadda Larabawa ke kira Abul Haul, ta ƙasar Masar.

Dalilin da ya sa wurin ya yi fari shi ne, jikin keken hawa uku ne. A ƙasa akwai baƙin fenti da aka gasa a wuta, a kansa aka manna zanen gwal, sannan aka rufe duka da wani irin ƙaro mai sheƙi da ake kira shelak. Duk abin da ke da sifirit a ciki, kamar sinadarin tsabtace hannun da kika sa, narkar da wannan ƙaro yake yi, kuma da zarar ƙaron ya tafi, ruwa da sabulu ma sun isa su mayar da gwal ɗin fari kamar azurfa, abin da ba shi da magani. Abin da ake goge irin wannan keke da shi shi ne man keken ɗinki kawai, a ɗiga a auduga, a shafa a hankali ba tare da dirzawa ba, a canza audugar duk lokacin da ta yi baƙi. Aikin kwanaki ne, kuma kan zanen ya fi ko'ina bukatar sassauci.

Batun ƙin juyawa kuwa, a mafi yawan kekunan da suka zo hannuna ba karyewa ba ce, tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar danƙo, musamman idan an taɓa zuba masa man girki ko man mota. Ki cire bel, da allura, da ƙoshiya da kwarkwaronta, wato abin da masu shaguna a nan suke kira makuk. Ki buɗe farantin fuska da na baya, ki kwantar da kan keken ki ga ƙarƙashinsa. Sannan ki ɗiga kananzir a kowane ramin mai da kowace mahaɗa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ki bar shi ya kwana. Washegari ki kama wilin ki riƙa jijjiga shi gaba da baya da ƙarfin hannu kaɗai. Kada ki sa guduma ko filaya. Ɗumi yana taimakawa, iskar na'urar busar da gashi ta wadatar, amma a nesa da zanen, kuma a wuri mai iska saboda kananzir. Kada ki manta da zoben da ƙugiya, wato ƙarfen da ke kamo zaren allura a ƙarƙashin keken, ke kai da komo a cikinsa, domin sau da yawa guntun zare ne ya maƙale a can ya riƙe keken gaba ɗaya. Idan ya saki, ki goge kananzir ɗin ki bi kowane wuri da man keke, saboda kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai.

Ki tanadi faranti ki riƙa ajiye kowane sukuru da kika kwance, ki kuma ɗauki hoto kafin ki cire komai. Singer tana da nata irin sukurun na daban, wanda ba za ki samu a shagon kayan gini ba.

Game da fenti, ra'ayina shi ne kada a yi. Ki duba farantin keken a gaban allura, za ki ga inda gwal ɗin ya goge ya bar baƙi mai santsi. Wannan wurin da yadi da tafin hannun kakanki suka bi ne shekara da shekaru. Na taɓa yi wa wani keke irin wannan fenti ina saurayi, bisa umarnin mai shi, da ya zo ɗauka ya tsaya yana kallonsa ya ce mini bai gane keken mahaifinsa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Mai Tara Tsofaffin Kekuna, Riyad

Baba ya gama magana a kan kan keken, ni dai zan ɗan saɓa masa a kan ƙafafun. Ƙarfen feda ba shi da zanen da za a yi asara irin na sama, kuma idan keken ya taɓa zama a Jidda, raɓar teku mai gishiri tana iya cinsa. Idan tsatsa ta kama shi, a ganina babu laifi a goge ta da burushin waya a shafa baƙin fenti, domin barinta shi ne ɓarna.

Hajiya, kayan gyara ba za su yi miki wuya ba. Kekunan Butterfly na ƙasar Sin, da ɗimbin waɗanda aka ƙera a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, duk kwaikwayon wannan samfuri ne, saboda haka kwarkwaro da ƙoshiyarsu galibi suna shiga. Ki dai lura da ɗan yatsan ƙoshiyar: na irin kekenki yana kallon wajen ƙarfe ɗaya na agogo, na wasu samfuran 15 masu ɗinkin baya kuwa yana kallon ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ba sa musanya. Bel ɗin fata ne mai kauri kusan milimita 5, ana yanka shi daidai a huda a ɗaure da ƙaramar waya. Idan wani ƙarfe na asali ya ɓace, Harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya a kudancin Jidda, wuri ne da nakan ci karo da matattun kekuna da ake cire kaya a jikinsu. Kuma idan aka ba ki shawarar ɗaura masa tsohon moto na lantarki, a fara duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa, domin akwai na 110 akwai na 220, wayoyin tsofaffin kuma sukan rube.

Tela daga Gadarif

'Yar uwa, ni roƙona ɗaya ne: idan ya tashi, ki riƙa ɗinki da shi. A wajenmu irin waɗannan kekuna ba kayan ado ba ne, su ne suke riƙe da gidaje idan wuta ta ɗauke, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Nawa na gada ne daga maigidana da ya koya mini sana'a, kuma kullum da safe sai na ɗiga masa mai kafin in ɗora ƙafa. Keken da ake takawa ba ya daskarewa.

Jikar Tela, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da Baba ya faɗa, a kwana na biyar wilin ya motsa kamar faɗin yatsa, a na bakwai ya zagaya gaba ɗaya. Da na buɗe zoben ƙugiyar na ciro wani dunƙulen farin zare da ya taurare da mai, na tsaya ina kallonsa a tafin hannuna, domin na san ragowar ɗinkin ƙarshe ne da mahaifiyata ta yi. Na naɗe shi a takarda na mayar cikin aljihun teburin. Fenti dai na fasa, sai na ƙafafu kawai. Matsalar da ta rage ita ce na sa sabuwar allura, amma ba ya ɗauko zaren ƙasa, idan ma ya ɗauko sai ya riƙa tsallake.

Tsohon Mai Gyaran Keke, Jidda

Alhamdu lillahi, 'yata. Kada ki taɓa saitin ƙugiya tukuna, ki fara da allurar. Ki tabbatar ta kekunan gida ce mai gindi da gefe ɗaya a shafe, wadda ake rubuta wa 130/705H ko HAx1, ba mai zagayayyen gindi ta kekunan masana'anta ba. A irin kekenki shafaffen gefen yana kallon dama, wajen wili, ana kuma zura zare daga hagu zuwa dama. Ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Idan kin yi haka bai daina ba, ki cire farantin allura, ki juya wilin a hankali zuwa wajenki: lokacin da allura ta kai ƙasa ta fara tasowa da kamar milimita biyu da rabi, ya kamata bakin ƙugiya ya iso daidai jikinta, ɗan sama kaɗan da ƙofar allurar. Ki ɗauki hoton wannan wurin ki sa mana a nan kafin ki kwance wani abu.