Sayar da littafin karatu da kwafinsa, ya halatta?

Maman Ilham: Salam jama'a, na sayi littattafan shirin JAMB a Kasuwar Gumi, ɗana ya gama da su, zan iya sayarwa? Wata maƙwabciyata a Tudun Wada kuma tace in bari ta yi fotokwafi ta riƙa sayar wa ɗalibai mu raba kuɗin.

Abu Kawo: Hajiya wanda kika saya da kuɗinki naki ne, ki sayar abinki. Amma fotokwafin nan kar ki soma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana buga aikin wani ana sayarwa babu izininsa, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) na kama masu yi, ko PDF ne a WhatsApp duk ɗaya ne.

Malama Hauwa: Wallahi ni abin na min ciwo, malami ya yi shekaru yana rubutu wani ya kwashe ribar. Haƙƙi ne fa Hajiya.

Maman Ilham: To na gode, zan faɗa mata ta haƙura.