Bayan dashen ƙoda sai ga hawan jini da suga, ya zanyi da maigida?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku bani shawara kaina ya ɗaure. Maigidana aka yiwa dashen ƙoda nan Jidda wata 14 kenan, ƙaninsa ne ya bashi Allah ya saka masa, bayan shekara uku yana wankin ƙoda sau uku a sati. Alhamdulillah ƙodar ta zauna, duk gwaje-gwajen da akayi lafiya lau. To tunda ya warware bakinsa ya buɗe, mutumin da ko ruwa sai an auna masa yanzu baya ɗagawa kabsa da mandi (shinkafa da nama na Larabawa) ƙafa, ya ƙara kilo 11 jallabiyoyinsa duk sun kama shi a ciki. Jiya na auna jininsa 155/95, suga ma ance ta fara alhali babu ita a danginsu. Abinda ya tada min hankali satin nan sau biyu in yana hawa bene (hawa na uku muke) sai ya tsaya ya dafe ƙirji yace kamar an ɗora masa buhu, in ya huta ya sake shi. Shi cewa yake Prograf, maganin da yake sha don kar jiki ya ƙi ƙodar, ne ya jawo komai zai rage shansa da kansa, mu kuma sai bayan sati 5 zamu ga likita.

Nas daga Riyad: Wa alaikumussalam. 'Yar uwa wannan nauyin ƙirjin dake zuwa da wahala ya tafi da hutu ba abin jiran sati 5 bane, yau ɗinnan ki kaishi ɓangaren gaggawa suyi masa awon zuciya, kina shiga kice musu mai dashen ƙoda ne. In ya taso masa yana zaune, ko da gumi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ki kira motar asibiti a 997 kar ya tuƙa kansa. Mutane suna zaton ƙin karɓar ƙoda ne kawai abin tsoro, alhali ciwon zuciya da jijiyoyin jini yana sahun gaba a abinda ke ɗauke masu dashe ƙodar na aiki garau. Shekarun wankin nan sun riga sun gajiyar da zuciya jijiyoyi sun yi tauri, sai kuma magani ya ɗora nashi, tacrolimus wato Prograf ɗin yana tada suga da jini, prednisolone yana buɗe ciki ya sa ƙiba. Kinga yana da gaskiya a rabi. Amma wallahi kar ya rage ko ƙwaya ɗaya, jiki zai iya juyawa ƙodar baya kuma ba lallai ya ji komai ba sai ɓarna tayi nisa. Likitocin dashe ne ke auna maganin a jini su daidaita.

Hajiya ta Madina: Allah sarki 'yata, Allah ya bashi lafiya. Ki haɗa masa habbatussauda da zuma da tafarnuwa safe da yamma, ki riƙa matsa masa lemon girefurut ance yana narka kitse.

Nas daga Riyad: Hajiya ayi haƙuri, banda girefurut ko kaɗan, yana sa Prograf ya taru a jini har ya cutar da ƙodar. Zuma kuma ga mai suga sai a hankali. Duk wani haɗi a fara nunawa likitansa tukunna. Kuma in ƙirji ko baya na ciwo kar a bashi Voltaren ko Brufen.

Baba direba a Makka: Ni shekarata 9 da dashe, abinda ya sami mijinki ya sameni sak, rama yunwar wankin ƙoda ce. Ni sai da aka ƙara min maganin jini da na kitse, na jefar da shisha, uwargida ta rage gishiri da dunƙule a miya har nayi fushi da ita sati guda. Dabino da nake cin faranti da gahawa yanzu uku nake ɗauka. Bayan isha ina taka ƙafa rabin awa tunda rana bata barin mutum, amma shi kar ya fara sai an duba ƙirjin. Kice masa inji ni, ƙaninsa ƙoda ɗaya ta rage masa, ba shi da wata da zai sake bayarwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na karanta masa maganar Baba yayi shiru, can yace in ɗauko masa iƙamarsa (katin izinin zama) da jakar magungunan. Maƙocinmu na ƙasa zai kaimu, ku sa mu a addu'a.