Kan lesa na bugun kusurwa, aiki kuma yana gocewa: ku ba ni shawara

Mai Allunan Suna: Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Don Allah ina cikin damuwa. Ina da injin lesa mai yankan katako da fileksi (roba mai kama da gilashi), samfurin da ake kira 1390, mai kwalbar CO2 da ke fitar da hasken yankan. Na hannu na saye shi a Kano, anka shigo mini da shi ta Ɗan Isa. Kuɗin ma ba nawa ba ne duka, yayana ne ya saida filinshi na hanyar Tibiri ya cika mini, ina biyan shi wata-wata. Matarshi tun farko ba ta so ba, ta ce a saya mini babur mai ƙafa uku ya fi, to kun ga in abin nan ya tsaya ba ni da bakin magana a gidan. Yanzu in na kunna, kan lesar mai yin yankan yakan tafi kusurwar baya kamar kullum, amma ba ya tsayawa, sai ya dinga bugun ƙarfen yana garrr har in kashe. Na samu dabarar sa shi aiki haka nan, sai ga wata matsala: da'ira ba ta haɗuwa, rubutu yana gocewa gefe kaɗan-kaɗan. Ga kayan rabon biki na wata Hajiya, marikin makulli mai sunan amarya da ango, na riga na amshi rabin kuɗi, ɗaurin aure Asabar. Mi zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena ba sai ka yi dogon bayani ba, kuran ne. Ba ka da waya ta ƙasa. Kwalbar nan da dubban volt take aiki, in ba ka kafa ƙarfe a ƙasa ka ɗaure jikin injin da shi ba, hayaniyar wuta tana shiga wayoyin sigina, kwakwalwar da ke sarrafa injin ta ruɗe. Ka kafa ƙarfen jan gaci, ka zuba gishiri da gawayi, ka riƙa ba shi ruwa, ƙasarmu yashi ce. Ka sa sitabilaiza. Magana ta ƙare.

Ɗan Mokoyo: Wace kwakwalwa ce a ciki, Ruida? Da wace manhajar kwamfuta kake aika aiki, RDWorks ko LightBurn? Kuma wace dabara ce ka yi?

Mai Allunan Suna: Ruida ce, LightBurn nake amfani da shi. Dabarar ita ce in ya fara tafiya kusurwa sai in danna maɓallin tsayarwa na Esc, ya tsaya, in ci gaba da aikina. Injiniya, ina da sitabilaiza tun ranar farko.

Injiniya: Sitabilaiza daban, waya ta ƙasa daban. Na faɗa maka.

Ɗan Mokoyo: To Esc ɗin nan ba dabara ba ce malam. Moter ɗin injin nan ba ya gaya wa kwakwalwa inda kan yake, ita ke ƙirga taku kawai. Shi ya sa duk kunnawa sai kan ya je ya taɓa makunnin iyaka, daga nan ta san sifili. In ka katse ta, ba ta san inda teburin ya fara ba. Duba allon, za ka ga X da Y, lambobin da ke nuna inda kan yake, sun nuna 10000. Daga nan ne ake samun saƙon "slop over", wato aiki ya wuce iyakar tebur, ko kan ya daki bango a tsakiyar aiki. Bugun da yake yi a kusurwa kuwa, makunnin ne bai ga kan ba. In irin mai jin ƙarfe ne, akwai 'yar jar fitila a jikinshi. Tura kan tsakiyar tebur, ka kusanta bakin turnabis gare shi. In ta kama, yana da rai, ɗan ƙarfen da ke wucewa gabanshi ne ya lanƙwashe ko ya yi nisa, don milimita kaɗan yake ji. In ba ta kama ba, ko ya mutu ko waya ta tsinke cikin sarƙar da wayoyi ke bi. Kuma ka danna maɓallin Z/U ka shiga Diagnoses, wurin gwaji, can za ka ga ko siginar tana isa kwakwalwa.

Yaro Mai Lesa: Yaya ka rubuta $H, umarnin maida kan kusurwa, ka gani, in ya ba ka saƙon kuskure ALARM 9 sai ka canza saitin $23. Ni haka na gyara nawa.

Ɗan Mokoyo: Naka ƙaramin injin lesa ne na diyod, mai wata kwakwalwa daban, GRBL, ƙanena. Ruida ba ta san $H ba.

Maman Yara Mai Kek: Ni dai ku masu lesa Allah ya shirye ku. Na ba wani aikin rubutun saman kek na suna, na biya, ranar suna ya ce mini inji ya lalace. Sai da na yanka kwali da almakashi. Har yau bai maido mini jika biyuna ba. Malam ka kira Hajiyar nan tun yau ka gaya mata gaskiya.

Mai Allunan Suna: Hajiya ba ni ne na yi miki ba ai. Ni ban taɓa saɓa alkawali ba, shi ya sa na zo nan.

Tsohon Makaniki: Gocewar rubutu ba ruwanta da makunni, matsala biyu gare ka ɗana. Kashe injin, ka tura kan da hannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. In ka ji wani wuri ya cije, ƙura ce da hayaƙin katako sunka daskare a kan layin ƙarfen, a wanke a sa mai kaɗan. Sannan bel mai haƙora: in ya saki, da'ira ba ta haɗuwa. Amma abin da na fi zargi shi ne ɗan bis ɗin da ke riƙe puli, wato ɗan gargaren da ke jan bel, a kan sandar moter. In ya kwance, sanda na juyawa puli na zamewa. Ja layi da alƙalami daga puli zuwa sanda, yi aiki ɗaya, ka sake dubawa. In layin ya rabu biyu, ka kama ɓarawon. Ka ɗaga injin daga wurinshi kwanan nan?

Mai Allunan Suna: Eh Baba, na tashi daga shagon unguwar Zariya na koma unguwar Ali Ɗan Sofo saboda haya. A amalanke munka ɗauko shi, amma mun shimfiɗa katifa, kuma a hankali anka tafi. Ba na jin shi ne dalili.

Ɗan Mokoyo: Haba malam! Wannan ai shi ya kamata ka fara faɗi, ba labarin matar yaya ba. In gadar da ke ɗauke da kan ta karkace, bel na hagu ko na dama ya tsallake haƙori. Yanka murabba'i 100 mm, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In ba su yi daidai ba, gada ta karkace.

Injiniya: Kun gani ko? Sabon shago, babu waya ta ƙasa. Abin da na faɗa tun farko ke nan. Ku ci gaba da sa yaro yana kwance bis. Ni a wurinka ma zan mayar da kwakwalwar yadda ta fito daga kamfani, in canza akwatin wuta na 24 volt, a huta.

Ɗan Mokoyo: Kada ka kuskura ka goge saitin kamfani ba ka adana kwafi ba. Tsawon taku, girman tebur, gefen da kan ke nema, duk can suke, kuma injin na hannu ne, ba ka da wanda zai turo maka.

Mai Hoto Sabon Gari: Ni dai kada ka kira mai gyara daga waje. Nawa na biya mashi mota da masauki, ya canza abubuwa ya tafi, injin na nan lulluɓe da zane. Yanzu ko waya ba ya ɗauka.

Mai Allunan Suna: Na gode duka. Na kai turnabis, fitilar makunni ɗaya ta kama, ɗayan makunnin ban gano inda yake ba. Bel ni na gan shi lafiya, wanda ya saida mini ya ce sabo ne. Bis ɗin kuwa ba zan taɓa ba yanzu, kar in kwance in kasa maidawa ga biki a gaba. Na rage gudu, gocewar ta ɗan ragu, zan lallaɓa da Esc ɗin har Asabar ta wuce.

Tsohon Makaniki: Layin alƙalami kawai na ce ka ja, ban ce ka kwance komai ba.

Injiniya: Ka kafa ƙarfen ko ba ka kafa ba?

Yaro Mai Lesa: Don Allah ina ake samun fileksi mai ruwan zinari a babbar kasuwa, ko sai Kano?