Windows ya ƙi karɓar lasisi bayan kwafe faifai: abin da masu gyara suka ce

Tambayar ita ce: me ya sa Windows ke ƙin karɓar lasisi bayan an kwafe abin da ke tsohon faifan ajiyar kwamfuta zuwa sabo? Yawancin masu gyaran da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa sauya faifai kaɗai ba kasafai yake ɓata lasisi ba. A Windows 10 da 11, lasisin yana ɗaure ne da babban allon kwamfutar, wanda sauran kayan ciki ke haɗe da shi. In a kwamfuta ɗaya aka yi kwafen, a jona intanet, sau da yawa yakan gyaru da kansa.

Rigimar tana tasowa ne idan aka kai faifan wata kwamfutar. Lasisin OEM, wanda ya zo da na'urar daga kamfani, ba ya ƙaura. Wanda aka saya daban yakan ƙaura, musamman idan tun farko an haɗa shi da asusun Microsoft. Umarnin slmgr /dlv, wanda ake rubutawa a Command Prompt (wurin rubuta umarni na Windows), zai nuna wanne ke gare ka. Wannan, a ganina, shi ya kamata a fara dubawa.

A kuma lura: lasisin Windows nau'in Home ba ya buɗe nau'in Pro. Wani ya ƙara da cewa a cire tsohon faifan kafin kunnawar farko. Manhajojin satar lasisi kuwa, babu wanda ya goyi bayansu.