"A rashin uwa akan yi uwar ɗaki": haƙuri ne ko gori?

Ɗan Kurmi: Jama'a, a warware mini. Wani maƙwabcina a kasuwa ya rasa dilan da ya saba ba shi kaya, ya kira wani. Da suka gama ciniki sai ya ce masa, "A rashin uwa akan yi uwar ɗaki." Mutumin ya ɗaure fuska ya tafi. Ni dai ban ji zagi a ciki ba.

Bazazzagiya: Malam, ai gaskiyarsa. Maganar nan a bayan ido ake yin ta. Ka faɗa wa mutum a fuskarsa, ka ce masa ke nan don ba yadda za ka yi ne ka neme shi.

Bakatsine: Yaya, ba kishiyar uwa ake nufi ba? Shi ya sa nake ganin tana da ɗaci.

Bazazzagiya: A'a ƙanena. Uwar ɗaki babbar mace ce da yarinya ke raɓa, tana yi mata aike da 'yan ayyuka, ita kuma ta ɗinka mata kayan Sallah, ta tsaya mata ranar aure. Matsayi ne na mutunci. Wata uwar ɗakin ma ta fi dangi amfani. Sai dai duk alherinta, ba ita ta haife ki ba, kuma abin da karin maganar ke tunawa ke nan.

Ɗan Damagaram: To ashe ɗaya take da "da babu gara ba daɗi".

Malamin Makaranta: Ban yarda ba. "Ba daɗi" abu ne maras kyau da ka karɓa dole. Uwar ɗaki kuwa mai kyau ce, ba ta dai kai ta farko ba. Ku tuna farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Tura kuɗi ta waya shi ne uwar ɗaki, har masu shayi suka koma karɓa. Sayen naira da naira a wurin masu POS kuwa, wannan shi ne ba daɗin.

Ɗan Kurmi: Hajiya, to maƙwabcin nawa ya je ya ba da haƙuri?

Bazazzagiya: Ya je mana, tun kafin dilan farkon ya sake ɓacewa.