Kwaɗon da ke jikin buhun koko ya isa a buga shi a kwalin kek?

Mai Tanda:
Assalamu alaikum. Gidan burodi ne mai yin kek da biskit na cakulan, sai babban mai saye ya ce daga yanzu sai kokon da ke da shaidar ba a zalunci manomi ba. Dila ya kawo garin koko mai tambarin ɗan kwaɗon nan na Rainforest Alliance, ƙungiyar da ke ba amfanin gona shaida. Shin shi ke nan sai a buga tambarin a kwali? Kuma me ya raba shi da Fairtrade, ɗaya ƙungiyar mai ba da irin wannan shaida?

Hajiyar Sito:
Wa alaikumus salam. Malam, bai isa ba. Tambarin da ke jikin buhu shaidar dila ce. Kafin gidan burodi ya buga nasa, sai ya yi rajista da ƙungiyar, ya sa hannu a yarjejeniyar lasisi, ya tura zanen kwalin a amince da shi. Wanda ya riga ya buga kwali dubu hamsin kafin amsa ta zo, yana iya tafka asararsu.

Rainforest Alliance ta haɗe da UTZ, wata ƙungiyar ba da shaida, a 2018, kuma ƙarfinta yana wajen yadda ake noman: hana sare daji, kula da maganin feshi, sa ido kan aikin yara. Ba ta yanke mafi ƙarancin farashi, sai ɗan ƙari da ake ba manomi, wanda a 2022 aka sa kada ya gaza dala 70 a kan tan. Ita Fairtrade ta farashi ta ɓullo: a 2019 ta ɗaga mafi ƙarancinsa zuwa dala 2,400 a tan, da ƙarin dala 240 ga ƙungiyar manoma. Kamfanin tantancewa na FLOCERT ne ke yi mata bincike.

Ga kek kuwa, cikakken tambarin Fairtrade yana da wuyar sha'ani. Duk abin da ake iya samu mai shaida a cikin haɗin, kamar sukari da banila, dole ya zama mai shaida, kuma jimlarsu ta kai kashi 20 cikin 100 na kayan. Fulawa da ƙwai da mai sun cinye nauyin kek, to ina kashi 20 zai fito? Shi ya sa aka fi komawa ga farin tambarinsu na sinadari guda, mai cewa kokon kaɗai aka saya bisa sharuɗɗansu.

Mai Duba Littafi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Malam, duba takardar kuɗin dila, ka nemi haruffan nan: IP, SG ko MB. IP na nufin an san gonar ko ƙungiyar da kokon ya fito. SG na nufin mai shaida ne zalla, ba a gauraya shi da wani ba. MB kuwa lissafin nauyi ne a littafi: masana'anta ta sayi tan goma mai shaida, ta zuba shi a injin da sauran koko, sannan ta sayar da tan goma da sunan shaida. Kuɗin ya kai ga manomi, amma garin da ke cikin buhunka ƙila bai taɓa ganin gonar ba. Akasarin garin koko da man koko masu shaida na kasuwa haka suke. Halal ne a tsarin, sai dai kada a rubuta a kwali cewa kokon cikin kek ɗin daga gona mai shaida yake. A ce an saye shi ta hanyar da ke tallafa wa irin waɗannan gonaki.

Inda ake kama mutane ranar bincike shi ne lissafi. Kilo 100 na ƙwayar koko yana ba da kusan kilo 82 na niƙaƙƙen koko, ya rabu biyu tsakanin mai da gari. A gidan burodi mai bincike zai ɗauki haɗin kek, ya ga giram nawa na koko ke cikin kowanne, ya ninka da adadin da aka sayar, ya gwada da abin da aka saya. In an sayi kilo 500 amma kek ɗin da ya fita ya ci 620, an karya sharaɗi. Galibi gari ne ya ƙare da tsakar dare, aka cike da buhun da ba shi da shaida. 'Yan ƙwayoyin cakulan da ruwan cakulan da ake zubawa a sama ma koko ne, a sa su a lissafi.

Uwar Kwaɓi:
In an canza dila saboda shaida, a nemi takardar bayanin garin tukuna. Garin koko na asali yana da tsami, da shi bekin soda ke aiki. Wanda aka kashe wa tsami ya fi duhu, yana son bekin fauda. A musanya su ido rufe, kek ya ƙi tashi ko ya yi ɗanɗanon sabulu. Yawan man da ke cikin garin ma haka: gari mai kashi 10 zuwa 12 ya fi mai kashi 22 zuwa 24 shan ruwa. A gwada ƙaramin kwaɓi.

Hajiyar Sito:
Ƙari kaɗan, Malam. Cocoa Horizons da Cocoa Life shirye-shiryen kamfanoni ne, na Barry Callebaut da Mondelez. A tambayi mai sayen ko zai karɓe su, a rubuce.

Kuma don Allah kada a rubuta "babu aikin yara a ciki". Binciken NORC na Jami'ar Chicago a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aikin koko a Kodibuwa da Gana, ƙasashen da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Abin da shaida ke tabbatarwa shi ne akwai masu bin gonaki suna ganowa suna gyarawa. A tambayi dila manoma nawa ke ƙarƙashin wannan sa ido.

In cakulan ko garin koko zai shiga Tarayyar Turai, dokarsu ta 2023 tana neman taswirar gona da hujjar ba a sare daji ba bayan 31 ga Disamba 2020, kuma tambari ba ya maye gurbin waɗannan takardu.