Wa Ya Sauke Soja? Musayar Baitoci Kan Haɗaka

Malamin Tudun Wada:

'Yan'uwa, ku saurara, batuna a yau na haɗaka ne,
Domin mai bindiga ba ya barin kujera don ganin mutunci.
Da aka soke zaɓen Abiola na 1993,
Haɗakar 'yan adawa ta NADECO ta miƙe a 1994, ta ƙi yin sassauci.
A 1998 manyan Arewa goma sha takwas suka aika wa Abacha takarda cewa babu tazarce,
Rimi da Lamido suka sha ɗauri, suka jure wa ƙunci.
Da Ekwueme da mutanen Kudu suka shigo, aka zama talatin da huɗu, wato G34,
Daga cikinsu PDP ta fito, a 1999 ta karɓi shugabanci.

Hajiya ta Unguwar Rimi:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja,
Ajali ne ya ɗauke Abacha, ba takarda ce ta yanke hukunci ba, sai lokaci.
Haɗakar da kake yabo ta karɓi tsarin mulkin da Abdulsalami ya sa wa hannu,
Ba a tambayi talaka ba, ballantana a ba shi wakilci.
Sannan ta tsayar da Obasanjo, tsohon janar,
Wanda barikin soja zai yarda ya miƙa wa jagoranci.
Ko a Chile, da taron jam'iyyu ya kayar da Pinochet, shugaban mulkin soja, a 1988,
Ya riƙe rundunar soja har 1998, iyalan waɗanda aka kashe suna jiran adalci.

Malamin Tudun Wada:

Hajiya, zancenki dutse ne, sai dai ki dubi Sudan,
Inda farar hula suka ga bayan Al-Bashir a 2019, suna kiran 'yanci.
Da kansu ya rabu, Janar Burhan ya kwashe komai a 2021,
Don haka na fi son sulhu mai gurgunta da komawar zalunci.

Ɗalibin Kawo:

Baba Malam, Mama Hajiya, ku ba ƙarami dama ya sa baki,
Ni abin da ke ci mini rai shi ne bayan nasara, ranar rabon abinci.
A Gambiya an haɗu an kayar da Jammeh a 2016,
Barrow, ɗan takarar haɗakar, ya yi alkawarin shekara uku, ya zarce, aka watse cikin ɗaci.
To, Baba, mene ne G34 ta rubuta game da makaranta da asibiti,
Wanda za mu riƙe ta da shi yau, mu da muka tashi cikin talauci?